Sana'ar da ba ta da sarki: yadda masu gyaran ma'aikatu suka haɗa zumunci yanki-yanki

A Amurka, wanda ya ce shi likita ne alhali ba shi da lasisi, gidan yari ne makomarsa. Haka lauya, haka injiniyan da zai sa hannu a zanen gada. Amma akwai wata sana'a da ake biyan masu ita maƙudan kuɗi, ana buɗe masu ƙofofin manyan kamfanoni da asibitoci da hukumomin gwamnati, su zauna da shugaba su ji cikinsa, su zauna da masinja su ji nasa, kuma babu dokar da ta ce sai wane ko wance ne za su yi ta. Duk wanda ya ga dama zai iya buga kati gobe da safe ya ce shi ma ɗan hannu ne. Wannan sana'a ita ce gyaran ma'aikatu, wadda masu ita suke taƙaita sunanta da OD.

Ba masu binciken kuɗi ba ne, ba kuma masu gyaran injin ba. Ana kiransu ne idan ma'aikata ta kamu da ciwon da ba a ganinsa a takarda: sassa biyu sun daina ga-maciji, ko ana tashi daga taro kowa ya gyaɗa kai amma babu abin da ke motsi, ko an haɗe kamfani biyu shekara uku ke nan ana nan ana cewa "mu" da "su". Aikinsu su saurari kowa, su tattara abin da suka ji, su mayar wa masu wurin da shi ba tare da an san wa ya faɗi me ba, sannan su zaunar da su su nemo mafita da kansu.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da sarkinta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aska, kuma wanda ya ɓata aiki ya san gaban wanda za a gurfanar da shi. Masu gyaran ma'aikatu ba su da wannan, kuma da gangan suka ƙi naɗa shi. Abin da suka kafa a madadinsa ƙungiyoyin zumunci ne na yanki-yanki: ɗaya a yankin Chesapeake da ya haɗa birnin Washinton da jihohin Maryland da Virginia, ɗaya a Niyok, ɗaya a Minnesota, wata a Chicago, wata a gaɓar San Francisco, har da Toronto ta ƙasar Kanada. Dukansu suna jingine da uwar ƙungiya mai suna OD Network, amma kowacce cin gashin kanta take yi, da shugabanninta 'yan sa-kai da kuɗin rajistarta. Wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa suka zaɓi wannan tsari mai kama da sakaci, sai ya koma baya wajen shekara tamanin.

Wani dare a New Britain

Kurt Lewin Bayahude ne masanin halayyar ɗan Adam, an haife shi a 1890, ya baro Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba, a hannun 'yan Nazi ta mutu. Don haka tambayar da ta dame shi duk tsawon zamansa a Amurka ba ta aji ba ce kawai: me ke sa taron jama'a su miƙa wuya ga mutum ɗaya, kuma ta yaya ake koya wa mutane yanke shawara tare?

Lokacin yaƙin duniya na biyu nama ya yi ƙaranci, gwamnati na so matan gida su riƙa dafa kayan ciki, irin su zuciya da ƙoda, waɗanda Amurkawa ke ƙyama. (Da mu aka kawo wa wannan roƙo da ba a sha wahala ba.) Lewin da ɗalibansa suka raba mata gida biyu. Wasu aka yi masu lacca mai daɗi kan amfanin kayan ciki. Wasu kuwa aka bar su suka tattauna a tsakaninsu, suka faɗi abin da ke hana su, kamar wari da ƙorafin maigida, sannan suka ɗaga hannu a gaban juna cewa za su gwada. Da aka bi sawu, kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu sauraron lacca suka dafa, masu tattaunawa kuwa kashi 32. Duk ginin sana'ar a kan wannan sakamako yake: mutum ya fi riƙe shawarar da aka yanke da shi.

A bazarar 1946 hukumar kula da zaman tare tsakanin jinsuna ta jihar Connecticut ta roƙi Lewin ya horas da shugabannin al'umma kan yaƙi da wariya wajen ɗaukar aiki. Aka shirya zaman mako biyu a kwalejin horas da malamai ta garin New Britain. Mutum 41 suka halarta, akasari malaman makaranta da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kusan rabinsu baƙar fata ne ko Yahudawa. Masu jagorantar rukunonin su ne Kenneth Benne da Leland Bradford da Ronald Lippitt. A kowane rukuni an ajiye mai lura guda, ba ya magana, rubutu kawai yake yi: wa ya katse wa, wa ya yi shiru, a ina muryoyi suka tashi.

Da dare masu jagorantar horon kan keɓe su saurari rahoton masu lura. Wani dare mutum uku daga cikin mahalarta suka nemi a bar su su zauna su ji. Jagororin suka ɗan yi jim, domin ba a saba wanda ake nazari a kansa ya ji abin da ake faɗa a kansa ba, amma Lewin ya ce su shigo. Ana cikin karanta rahoto sai aka zo kan wata mata da ke zaune a wurin, mai lura ya bayyana yadda ta yi a zaman rana. Matar ta ce sam ba haka aka yi ba, ta kawo nata bayanin. Maimakon a rufe bakinta, Lewin ya shiga yi mata tambayoyi, yana juyawa ga mai lura, yana komowa kanta, har aka ga inda kowannensu ya gani daidai da inda ya kuskure. Washegari labari ya bazu. Kafin a tashi daga horon kusan kowa na zuwa zaman dare, kuma mahalarta suka ce a nan suka fi ƙaruwa, ba a darasin rana ba.

Abin da aka gano a daren nan ƙarami ne a faɗe, amma babba ne a aikace. Mutum bai san yadda yake a idon abokan zamansa ba sai an gaya masa, kuma in an gaya masa nan take, a kan abin da ya faru yanzu-yanzu, cikin yanayin da zai iya musantawa, yakan sauya. Lewin bai ga inda abin ya kai ba, ya rasu a watan Fabrairun 1947. A bazarar shekarar abokan aikinsa uku suka buɗe cibiyar horo ta NTL a ƙauyen Bethel na jihar Maine, a harabar makarantar Gould Academy, da tallafin ofishin bincike na sojan ruwa da ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa. Sun zaɓi wuri mai nisa ne don mutum ya rabu da ofishinsa da muƙaminsa. A can za a zuba mutum goma sha wani abu a ɗaki, babu ajanda, babu shugaba, mai horarwa ya yi gum. Sai shirun ya ishi wani ya yi magana, wani ya ƙalubalance shi, daga nan halin kowa ya fito fili, shi ne kuma abin nazarin.

Daga Bethel zuwa masana'anta

Manyan kamfanoni suka shiga tura manajojinsu Bethel. Nan matsala ta ɓullo. Mutum zai yi mako biyu cikin baƙi yana koyon faɗin gaskiya, ya koma ofis ran Litinin ya tarar da maigidansa yadda ya bar shi. Wasu suka gwada faɗa wa na sama da su gaskiya suka gane kurensu. A 1968 masana biyu, John Campbell da Marvin Dunnette, suka bi binciken da aka yi kan wannan horo suka nuna cewa hujjar da ke cewa yana inganta aiki a ma'aikata ba ta da ƙarfi. Amma tun kafin nan wasu daga cikin 'yan Bethel sun riga sun gane cewa gyaran mutum ɗaya ba ya gyara wuri. Dole a shiga ma'aikatar kanta, a zaunar da shugaba da mutanensa tare, a kan aikin da ke gabansu.

A ƙarshen shekarun 1950 Herbert Shepard da Robert Blake suka gwada haka a matatun man kamfanin Esso, ciki har da ta Bayway da ta Baton Rouge. A daidai lokacin Douglas McGregor da Richard Beckhard suna irin wannan aiki a kamfanin abinci na General Mills. Daga waɗannan wurare biyu sunan sana'ar ya fito. A jami'ar Michigan kuma Rensis Likert da Floyd Mann sun riga sun gwada wata dabara a kamfanin lantarki na Detroit Edison: a raba wa ma'aikata takardar tambayoyi, amma maimakon a kulle sakamakon a aljihun tebur ɗin shugaba, a mayar wa kowane sashe da nasa su tattauna.

Ingila ma ta kawo nata kason. Bayan gwamnati ta karɓe ma'adinan kwal a 1947 an zuba sababbin injuna, amma aiki bai ƙaru yadda aka zata ba, fashin zuwa aiki kuma ya yawaita. Eric Trist na cibiyar Tavistock da ke Landan, tare da Ken Bamforth wanda shi kansa tsohon mahaƙi ne, suka shiga ramuka suka duba. A da, 'yan ƙananan rukunoni ne ke zaɓar junansu, kowa ya iya kowane aiki, su raba lada tare. Sabon tsari ya yanka aikin gida-gida a kan kamu uku, kowa da guntun aikinsa, wanda ya zo kamun dare ya gaji ɓarnar na rana ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Rahotonsu na 1951 ya kafa ƙa'idar da har yau ake koyarwa, cewa ba a sauya injin a manta da zaman mutanen da ke kewaye da shi.

Shekarar 1964

Zuwa farkon shekarun 1960 an sami mutane warwatse a kamfanoni suna wannan aiki, kowa shi kaɗai, babu ma sunan muƙamin da za a ba shi. Shepard ya buɗe karatun digirin digirgir na farko a fannin a Case Institute of Technology da ke Cleveland a 1960. A nan ne hira ta haɗa shi da Floyd Mann da Sheldon Davis, wanda ke gwada waɗannan dabaru a kan injiniyoyin kumbo a kamfanin TRW Systems na Kalifoniya. Da goyon bayan NTL aka fara tara waɗannan mutane a 1964, shekarar da McGregor ya rasu. Da fari 'yan tsiraru ne, kuma sunan da suka ɗauka na masu horarwa a masana'antu ne. Warner Burke, wanda ya kama aiki da NTL a 1966, shi ya karɓi ragamar tafiyar, a hannunsa ta zama OD Network ta kuma bunƙasa. A 1975 ya sauka, Tony Petrella ya gaje shi, ƙungiyar ta rabu da NTL ta tsaya da ƙafarta.

A tsakanin nan fannin ya yi kaka-gida. A 1969 kamfanin ɗab'i na Addison-Wesley ya fito da jerin ƙananan littattafai shida da suka zama karatun farko na duk mai shiga sana'ar. Wanda ya fi tasiri a cikinsu na Edgar Schein ne, wanda ya bambance mai ba da shawara iri uku: mai sayar da ilimi, da mai duba mara lafiya ya rubuta magani, da wanda ke taimaka wa masu wuri su gano ciwonsu da kansu. Schein na uku ya zaɓa, bisa hujjar da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar ta fara buga mujallarta, OD Practitioner, jami'o'i irin su Pepperdine da American University suka buɗe digiri na biyu.

Amma taron ƙasa sau ɗaya ko biyu ne a shekara, kuma Amurka faɗi gare ta. Wanda yake Minneapolis ba zai jira wata goma ba kafin ya sami wanda zai tambaya yadda zai yi da daraktan da ya kira shi gyara alhali shi ne matsalar. Sai mutanen kowane birni suka fara haɗuwa da kansu. Ba uwar ƙungiya ce ta aiko da takardar umarni ba, daga ƙasa abin ya tsiro, kuma kafin ƙarshen ƙarnin irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai gommai.

Kowacce ta ɗauki launin garinta. Ta yankin Chesapeake cike take da masu aiki da hukumomin tarayya da Bankin Duniya da ƙungiyoyin agaji, ga kuma ɗaliban shirin da American University ta yi shekaru tana gudanarwa tare da NTL. Ta Minnesota tana zaune ne a jihar General Mills da 3M da asibitin Mayo. Ta Niyok tana da bankuna a gefe guda, ga jami'ar Columbia inda Burke ya koma koyarwa a ɗaya gefen. Ta San Francisco kuwa kamfanonin kwamfuta ne suka kewaye ta, inda kamfani kan tashi daga mutum ashirin zuwa dubu kafin a tsara wa ke ƙarƙashin wa.

Me ake yi a zaman?

Yawanci da yamma ake haɗuwa bayan an tashi aiki, ko da sassafe kafin a shiga, a ɗakin da wata jami'a ko wani kamfani ya ba da aro. Akwai shayi da ɗan abin taɓawa, kowa da sunansa manne a ƙirji. Ba safai ake jera kujeru a fuskanci mumbari ba, da'ira ake yi ko ƙananan tebura, domin mutanen da sana'arsu ta ginu kan cewa lacca ba ta sauya hali ba za su yarda a yi masu lacca ta awa biyu ba. Mai gabatarwa zai yi magana kaɗan, sai ya ce a tashi a gwada.

Inda zaman ya fi daraja shi ne lokacin da wani ya kawo matsalar da ke hannunsa. Zai ɓoye sunan ma'aikatar, ya ce ga abin da aka kira shi a kai, ga abin da ya tarar, ga inda ya maƙale. Sauran ba za su fara da ba shi amsa ba, tambayoyi za su yi masa. Wa ya ɗauke ka aikin, kuma wa zai ji zafi in ya yi nasara? Ka gaya wa shugaban abin da ka gaya mana yanzu? Me ya hana ka? A wasu zaman har juya masa kujera ake yi ya ba su baya, su tattauna lamarinsa yana ji ba ya tankawa, sannan ya juyo ya faɗi abin da ya tsinta. Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne mai gyaran ya riga ya zama ɗan wani ɓangare a rikicin bai sani ba, ko yana tsoron rasa kwangila ya sa yake tauna gaskiya.

Wannan ya fi muhimmanci ga waɗanda suke ma'aikatan cikin gida. Mai gyaran da kamfani ya ɗauka dindindin yana cikin kaɗaici na musamman. Ya san sirrin kowa, ba shi da ikon faɗa wa kowa. Abokan cin abincin ranarsa su ne waɗanda yake aiki a kansu. Wanda ke sa hannu a ƙarin girmansa shi ne wanda wani lokaci ya kamata ya gaya wa magana mai ɗaci. In ba shi da wasu a waje da suka san irin wannan nauyi, ko dai ya zama ɗan amshin shata ko ya ƙone. A ganina wannan ne ainihin abin da ya riƙe ƙungiyoyin yanki shekara da shekaru, fiye da neman aiki da musayar kati, ko da yake su ma ana yi, kuma babu laifi.

Rigimar ƙofa

Tambayar da ta ƙi mutuwa ita ce ko a kafa ƙofa, a ce sai mai takarda kaza zai shiga. Masu so suna cewa ba tare da haka ba kowane ɗan damfara zai ɓata masu suna, kuma sun ga an yi. A shekarun 1960 da 1970 mutanen da ba su da horo sun riƙa tara ma'aikata suna tilasta masu tona cikinsu a gaban shugabanninsu, aka bar wasu da rauni. Masu ƙi kuwa suna cewa waɗanda suka kafa sana'ar daga ko'ina suka fito, akwai malamin makaranta, akwai injiniya, akwai limamin coci, kuma jarrabawa ba ta auna abin da ya fi muhimmanci, wato ko mutum zai iya tsayawa cikin ɗaki mai zafi bai ruɗe ba. Wata ƙungiya dabam da Donald Cole ya kafa a 1968 ta buɗe rajistar ƙwararru, amma babu doka a bayanta. An kuma shafe shekarun 1980 ana tattara ra'ayoyi daga ƙasashe da dama don rubuta ƙa'idojin ɗa'a, aikin da William Gellermann ya jagoranta aka buga a 1990. Takarda ce mai kyau, sai dai ba ta korar kowa.

Rashin ƙofa ya yi masu tsada. A shekarun 1990 guguwar sake fasalin kamfanoni ta taso, musamman bayan littafin Michael Hammer da James Champy na 1993, aka shiga sallamar ma'aikata dubu-dubu. Manyan kamfanonin ba da shawara suka ɗauki dabarun OD suka cire masu ƙaya, suka sayar da su da sunan sarrafa sauyi. Bambancin ba ƙarami ba ne. A wajen Lewin, ana tambayar mutane ne domin amsarsu za ta iya sauya shawarar. A sabon salon an riga an yanke shawara a sama, aikin mai gyara shi ne ya lallashi na ƙasa su haɗiye. Masu horas da shugabanni ɗaya-bayan-ɗaya suka kafa tasu ƙungiyar a 1995, masu sarrafa sauyi suka kafa tasu a 2011, dukansu da takardun shaida da kamfanoni ke iya gani su gane. A 2005 Burke da David Bradford, ɗan Leland Bradford na New Britain, suka fito da littafi suna tambayar ko fannin bai shiga halin ha'ula'i ba.

Ƙungiyoyin yanki sun ji a jikinsu. Aikin sa-kai ne, kuma mutum biyar ko shida ne ke ɗauke da kowacce. In suka gaji ba a sami magada ba, sai zama ya tsaya. Wasu sun rufe, wasu sun yi barci sun farka. Annobar korona ta 2020 ta mayar da zaman kan intanet, abin da ya kawo mahalarta daga nesa amma ya raunana dalilin kasancewa ƙungiyar yanki tun farko. Mutum ba ya faɗin inda ya kasa a gaban fuskoki arba'in da bai taɓa shan shayi da su ba.

Da abin ya ƙetare teku

Indiya ce ta fi saurin karɓa. Udai Pareek ya je Bethel a farkon shekarun 1960, ya dawo ya yi aiki da Rolf Lynton a Hyderabad, kuma a 1972 aka kafa ƙungiyar ISABS, wadda har yau take gudanar da irin horon Bethel tana kuma yaye masu horarwa bayan shekaru na koyo a ƙarƙashin na gaba da su. Ita ta zaɓi kafa ƙofa. A 1986 aka kafa ƙungiyar ƙasa-da-ƙasa ta IODA, Turai ma daga baya ta yi tata OD Network ɗin.

A Afirka ba ta ƙofar kamfanoni abin ya fi shigowa ba, ta ƙofar ƙungiyoyin al'umma ne. A 1987, ana tsakiyar mulkin wariya, aka kafa CDRA a Cape Town don taimaka wa ƙungiyoyin da ke fafutuka su tsaya da ƙafarsu. Allan Kaplan, wanda ya daɗe yana jagorantarta, ya yi ta jayayya da masu ba da tallafi cewa ƙarfin ƙungiya ba ya farawa daga kwamfuta da mota da horon kwana uku, yana farawa ne daga sanin abin da ta tsaya a kai. A wancan lokaci CDRA na da wata al'ada da ta cancanci koyi: mako guda a kowane wata ma'aikatansu ba sa fita aiki, suna zama gida su baje abin da suka yi a gaban juna. Daga wannan da'ira ne littafin Barefoot Guide ya fito a 2009, wanda ake saukewa kyauta. A Arusha ta Tanzaniya akwai EASUN mai horas da masu wannan aiki a gabashin Afirka, a Accra kuma akwai WACSI da ta fara aiki a 2007 don ƙungiyoyin yammacin Afirka.

Akwai ma abin da ya tafi can daga nan. Harrison Owen, wanda ya ƙirƙiro salon taron da ba a rubuta ajanda sai mahalarta sun zauna a da'ira sun rubuta da kansu, ya ce ya ɗauko tunanin ne daga ƙauyen Balamah na Laberiya, inda ya ga an gudanar da bikin kwanaki ba tare da kwamitin shirye-shirye ba. Ya fara gwada salon a 1985, yanzu ana amfani da shi a ƙasashe sama da ɗari.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A shekarun 1960, da tallafin Gidauniyar Ford, an gudanar da irin horon Bethel ga ma'aikata a ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, har da Najeriya, kuma Donald Nylen da abokan aikinsa biyu sun tattara darussan a littafin da NTL ta buga a 1967. An kafa kwalejin horas da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry a 1973. Hukumar Udoji, wadda ta yi aiki daga 1972 zuwa 1974, ta ba da shawarar a sauya yadda aikin gwamnati ke tafiya gaba ɗaya, a riƙa auna ma'aikaci da sakamako. Abin da aka aiwatar da gaggawa, kuma abin da jama'a suka riƙe har yau, ƙarin albashi ne da ariyas. Sauran shawarwarin sun sha ƙura, domin daga sama aka sauko da su, ba a zauna da waɗanda za su aiwatar ba.

Yau a Kano da Kaduna da Dutse, haka a Maraɗi da Damagaram, akwai mutane da yawa da ke wannan aiki ko da ba su kira shi da sunansa ba. Shirye-shiryen gyaran aikin gwamnati irin su SPARC, da Birtaniya ta ɗauki nauyi a jihohin Arewa da dama, sun yaye wasu. Ƙungiyoyin agaji sun yaye wasu. Sai dai abin da ƙaramin ma'aikaci ya fi sani shi ne bita: otal, jaka mai tambari, takardu manne a bango, shayin ƙarfe goma sha ɗaya, layin karɓar kuɗin zama. Mai gabatarwa ya rubuta rahoto ya miƙa wa wanda ya biya, shi ke nan. Da wuya a sami wanda zai tambaye shi bayan wata shida ko wani abu ya sauya, balle wanda zai gaya masa cewa shi ne ya ɓata zaman.

Masu wannan aiki a garuruwanmu ba sa buƙatar jiran tallafi ko rajista da Abuja ko Yamai kafin su fara. Mutum takwas sun isa, da aron aji guda a jami'a ko kwaleji, yammacin Asabar ɗaya a wata. Sharaɗi biyu ne: kada a biya kowa kuɗin zama, kuma a kowane zama mutum ɗaya ya kawo aikin da ya gagare shi, ba wanda ya yi nasara a kai ba.